RA'AYI: Sayen na'ura ba shi ne tiyatar zuciya ba

Duk lokacin da aka buɗe sabon asibiti, abin da ake fara nuna wa 'yan jarida shi ne na'urori. A yanke kyalle, a ɗauki hoto, a faɗi miliyoyin da aka kashe. Amma a fannin tiyatar zuciya, na'ura ita ce mafi sauƙin samu. Abin da ke da wuya shi ne mutanen da za su sarrafa ta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da jinin da za a ƙara wa majinyaci.

Yadda na'urar ke aiki

Likita ba zai iya ɗinke cikin zuciya tana bugawa cike da jini ba. Shi ya sa ake haɗa majinyaci da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. Ana janye jini ta bututu daga manyan jijiyoyin da ke kai shi zuciya, na'urar ta cire masa gurɓatacciyar iska, ta sa masa oksijin, sannan ta tura shi cikin jiki ta babbar jijiyar da ke raba jini. A jikin babban mutum, kusan lita 5 ke zagayawa a kowane minti.

Kafin nan ana ba da maganin heparin domin kada jinin ya daskare a cikin bututu, sannan a tsayar da zuciyar da wani ruwa mai sinadarin potassium. Mutum na nan da ransa, domin jini na isa ƙwaƙwalwarsa. Idan an gama gyara sai a bar jini ya koma zuciya, ta ci gaba da bugawa.

Duk tsawon wannan lokaci ran majinyaci na hannun ƙwararren da ke zaune gaban na'urar. Kumfar iska ta shiga bututu ko famfo ya tsaya na mintuna kaɗan, sai ƙwaƙwalwa ta lalace.

Darasi daga tarihi

A ranar 6 ga Mayun 1953, Dokta John Gibbon na birnin Filadelfiya a Amurka ya toshe ramin da ke zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18 da na'urar da ya shafe kusan shekara 20 yana ƙerawa. Ta rayu. Sai dai majinyata biyu da suka biyo baya sun rasu, shi kuma ya daina wannan tiyata. Sai da tawagar asibitin Mayo ta gyara na'urar, ta riƙa yin aikin a kai a kai daga 1955, sannan abin ya zauna da gindinsa. Wato na'ura ta buɗe ƙofa, amma yawan maimaita aiki ne ya sa mutane suka riƙa tashi.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun a 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu, inda likitocin gida irin su Farfesa Fabian Udekwu suka yi aiki tare da Magdi Yacoub, ɗan asalin Masar da ya zo daga Ingila. Fiye da shekara 50 bayan haka, yawancin irin wannan tiyata a asibitocin gwamnati na jiran tawagar baƙi ne, su yi mako ɗaya ko biyu su tafi. Mai hali ya nufi Indiya ko Masar, marar hali ya koma neman taimako a rediyo da Facebook.

Batun ECMO

Annobar korona ta sa mutane da yawa sun ji sunan ECMO. Ƙanwar waccan na'ura ce, amma maimakon sa'o'i a ɗakin tiyata, tana iya riƙe majinyaci kwanaki ko makonni a ɗakin kulawa ta musamman. A 1975 Dokta Robert Bartlett ya ceci wata jaririya da ita a Kaliforniya.

Sai dai ECMO ba magani ba ce. Lokaci take saya wa huhu ko zuciya su farfaɗo. Tana tattare da haɗarin zubar jini da shanyewar ɓarin jiki da kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma sai an tsaya kanta dare da rana. Asibitin da janaretansa ke jiran dizal, ko ake tura dangi su nemo jini da tsakar dare, idan ya sayo ta ya sayo abin ado ne.

Abin da ya kamata a yi

Wasu za su ce kowace jiha ta cancanci cibiyarta, domin tafiya mai nisa na wahalar da majinyaci. Gaskiya ne. Amma tawagar da ke tiyata sau biyar a shekara ba za ta ƙware ba, kuma ƙwararrunta za su gaji da zama su fice waje. Gara cibiyoyi kaɗan, ko da ɗaya ce a kowace shiyya, da ke aiki kowane mako, da wutarsu, da ma'ajiyar jininsu, da albashin da zai riƙe ma'aikata. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartoum a 2007 ta nuna haka: wuri guda, aiki kullum, kyauta, kuma majinyata sun riƙa zuwa daga ƙasashe da dama.

Na biyu, inshorar lafiya ta ɗauki nauyin wannan tiyata ga yara. Idan iyaye ba za su iya biya ba, na'urar za ta zauna tana tara ƙura.

Na uku shi ne mafi arha. Da yawan matasan da ke buƙatar a canza musu ƙofofin zuciya, matsalarsu ta faro ne daga ciwon maƙogwaro na ƙwayoyin bakteriya da ba a kula da shi ba tun suna yara. Maganin fenisilin na hana shi kaiwa ga zuciya, kuma wanda cutar ta fara taɓawa, allura duk mako uku zuwa huɗu na hana ta tsananta. Tun a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi ƙasashe su ba wannan cuta fifiko.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnan da ke son a yi tiyatar zuciya a jiharsa, ya fara tura matasa horo a yau, ya tabbatar akwai fenisilin a asibitin ƙauye. Idan waɗannan sun samu, sai a yi odar na'ura.