Ƙarfin Aro: Abin Da Ƙwaya Ke Karɓa Daga Jiki

Ranar Talatar da ta gabata na tsaya a wata kasuwar hatsi ina jiran a loda mini masara, sai na ga yaron da zai yi dakon ya ɓallo ƙwaya biyu daga kati, ya watsa a baki, ya kora da ruwan leda. Na ce masa, "Samari, ba ka da lafiya ne?" Ya yi dariya ya ce, "Lafiya lau, Baba. Maganin ƙarfi ne." Na karɓi katin na duba. Tramadol ce, wadda matasa ke kira tiramol, an rubuta 225 a jikinta.

Wannan lamba ita ce ta hana ni sakat. Tramadol maganin kashe zafin ciwo ce, daga dangin magungunan da ke aiki irin na mofin. Wadda aka amince a sayar a Nijeriya mai nauyin miligiram 50 ce ko 100, kuma likita ba ya ƙetare wa babban mutum miligiram 400 a yini guda. Yaron nan ya haɗiye 450 a tashi ɗaya, alhali ko hantsi bai yi ba.

Abin da bai sani ba shi ne babu ƙarfi ko na anini a cikin ƙwayar. Gajiya da ciwo 'yan aike ne da jiki ke turo wa ƙwaƙwalwa cewa a dakata, kaya sun yi yawa. Tramadol tare 'yan aiken take yi a hanya. Ƙashin baya yana nan yana cin wuya, gwiwa tana nan tana goguwa, mai jikin ne kawai labari bai iso masa ba. Zanen aro kuwa, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Idan ta yi yawa a jini takan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, mutum ya yanke jiki ya faɗi yana kumfa, jama'a su ce aljanu ne suka buge shi. In a kan babur abin ya same shi, to har da fasinja a ciki. Masu shan ta domin a daɗe a shimfiɗa su ma su sani, doguwar mu'amala da ita sha'awar kanta take kashewa.

'Yar'uwarta ita ce kodin, ta cikin maganin tari. Hanta ce ke juya ta ta koma mofin, shi ya sa mai shan ta ke jin duniya ta yi masa luf, murya ta ja, ido ya lumshe. Ita ce ta shige mana ɗakunan mata, domin ba ta da hayaƙi, ba ta da wari, a zuba ta a kwalbar lemo a sha a tsakiyar biki babu mai ɗaga ido. A shekarar 2018, bayan wani binciken BBC ya tona yadda ake karkatar da ita zuwa kasuwar bayan fage, Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Haramcin ya tsadar da kwalba, bai warkar da ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka riga suka kamu ba. Kodin tana taurara bayan gida, tana sa ƙaiƙayi, sukarin da ke cikin ruwan maganin yana cin haƙora. Mafi muni, tana danne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi.

A nan ne haɗe-haɗe ke kisa. Diazepam da Rohypnol, wadda ake kira roci, mai shuɗanta harshe, magungunan barci ne da kwantar da hankali, su ma danne numfashi suke yi. Idan aka gama su da kodin ko tramadol, nauyi biyu ne aka ɗora a kan igiya ɗaya. Numfashi ya yi ta raguwa cikin barci har ya tsaya. Da safe sai a ce ai lafiya ƙalau ya kwanta.

Ezol kuma an yi ta ne domin masu cutar karkarwar jiki da masu fama da illar wasu magungunan ƙwaƙwalwa. A jikin lafiyayye busar da baki take yi, ta dusashe gani, ta riƙe fitsari, ta sa mutum ganin abin da babu shi. Sholisho da fetur su ne rabon yaran da ba su da kuɗin ƙwaya, suna cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma suna iya tsayar da zuciya ko a shaƙar farko. Tabar wiwi, wadda ta fi kowace yawan mashaya, tana raunana hadda da tunani, tana kuma ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman ga wanda ya fara ta da ƙuruciya.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Mai karatu ya lura, fiye da rabin abubuwan da na lissafa ba a jeji ake noma su ba, magunguna ne na asibiti da suka sulale daga kanta ba tare da takardar likita ba. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kama kaya tuli-tuli, amma mai shagon maganin da ke miƙa kati ga yaro ɗan shekara sha biyar a unguwarmu yake, tare muke sahu da shi.

Inda nake ganin mun fi yin kuskure shi ne wajen raba mutum da ƙwaya. Jikin da ya saba da ita ya riga ya sauya tsarinsa a kanta. Ranar da aka yanke masa tramadol ko kodin, gumi ne da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci na kwanaki. Wanda ya daɗe a kan diazepam kuwa, yanke masa ita farat ɗaya na iya jawo jijjigar da za ta halaka shi, sai dai a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan a gaban likita. Mari da bulala ba su san wannan ba. Kowa ya ga halin da aka fito da mutane daga gidajen marin da 'yan sanda suka fasa a Kaduna da Katsina a 2019. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da Dawanau da Kware da Maiduguri, sai dai iyaye da yawa sun fi tsoron a ce an ga ɗansu a can fiye da tsoron cutar kanta.

Kafin mu rabu da yaron nan na tambaye shi yaushe ya fara. Ya ce shekara biyu ke nan, da rabin ƙwaya, yanzu kuma sai ya sha huɗu kafin la'asar. Na ce to ranar da bai samu ba fa? Ya ɗan yi shiru, ya gyara gammonsa, ya ce, "Baba, ranar ko tashi daga tabarma ba na iyawa." Sannan ya sunkuya, aka aza masa buhun.