Lambar da ke jikin kwalin waya ba ita ce hoto ba

A hawan Sallar Gani na tsaya kusa da ƙofar fadar Sarkin Daura tare da ɗan ƙanena, yana riƙe da sabuwar wayar da aka rubuta wa megafiksel 50 a kwali. Da rana ta yi sanyi mahaya suka fara jahi, sai ga rawani fari fat a hoto, fuskar mai rawanin kuwa ta dushe, ba ka rabe ido da hanci. Ya ce, "Baffa, an cuce ni." Na ce masa lamba aka sayar masa, shi kuma ya saya.

Bayan gilashin kyamarar waya akwai ɗan guntun silikon da sau da yawa bai kai farcen yatsa ba, an jera masa miliyoyin ƙananan idanu da ake kira fiksel. Aikin kowane ido ya tari haske ya mai da shi lantarki. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro irin na farko a Amurka a 1969, har suka ci kyautar Nobel a 2009. Wanda ke cikin wayoyinmu, CMOS, daga aikin Eric Fossum ya fito, a hukumar NASA, farkon shekarun 1990.

Duk wanda ya taɓa jera kwanuka a tsakar gida don tarar ruwan sama ya san baho da murfin kwalba ba ɗaya ba ne. In ka cusa ido miliyan 50 a wuri kamar farce, kowannensu murfin kwalba ne. Da hantsi ba laifi, haske ya wadata. Bayan la'asar, ko a cikin zaure, sai hoto ya cika da ɗige-ɗige. Masu ƙera wayar ma sun sani, shi ya sa suke haɗa idanu huɗu su zama ɗaya, wayar megafiksel 48 ta ba ka hoton 12.

Mu abin ya fi shafa. Baƙar fata ba ta mayar da haske kamar farar shadda, mu kuwa ranar Sallah fari muke sawa. A da, kamfanin Kodak ya daɗe yana gwada launin hoto da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya. Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya gyara kyamarorinsa don fatarmu, kuma hakan na cikin abin da ya ba shi kasuwar Afirka. Yanzu ma da fuska ake tantance mutum, kamar yadda na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta yi a zaɓen 2023.

Don haka nake ganin haƙƙin mai saye ne ya gwada kafin ya biya, masu shagunan waya a Daura su daina hanawa. Ɗan ƙanena dai na ce masa nan gaba ya je shago gab da magariba, ya tsayar da abokinsa cikin farar riga a inuwa, ya ɗauka, ya duba ko fuskar ta fito.