Lambun Bayan Gida Ba Wasan Yara Ba Ne

'Yan'uwa manoma, ruwan shuka ya sauka, kowa ya saɓa fartanya ya nufi gona. Daga Ƙofa zuwa Kiru, har Tudun Wada da Doguwa, in an zauna taron ƙungiyar gama kai a watan Mayu maganar ba ta wuce uku: irin masara, takin zamani, da inda za a sami rance. Ba laifi, hatsi shi ne uban gida. Amma tuwo ba ya tafiya sai da miya, kuma a ganina mun bar maganar miya a hannun kasuwa, abin da kakanninmu ba su taɓa yi ba.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aka buɗe gonakin ban ruwa na Kadawa, in an ce lambu sai hankalinmu ya tafi noman rani. Watau tumatir da albasa da tattasai da ake lodawa a Kwanar Gafan, a kai Ikko. Wannan noman kuɗi ne, ya kuwa amfani mutane da yawa. Amma ku lura da lokacinsa. Da zarar damina ta kama, tumatirin rani ya ƙare, kayan miya su yi tsada. A daidai lokacin nan ne rumbu yake yin ƙasa, ɗan kuɗin da ya rage kuma ya tafi wajen taki da 'yan ƙodago. Daga Yuli zuwa Agusta, lokacin da aikin gona ya fi cin jiki, a nan ne miyar gidaje da yawa take zama ruwa da gishiri da ɗan daddawa.

Kasuwa kuwa ba ta da alkawari. A shekarar 2016 tsutsar nan da manoman Kano suka laƙaba wa suna sharon ta cinye tumatirin Kadawa, har kamfanin tumatir na Dangote ya tsai da aiki don rashin kaya. A shekarar 2024 ma tumatir da attarugu sun yi tsadar da ta sa gidaje da dama suka haƙura da jar miya. Gidan da ke da kuɓewa da rama a bayan ɗaki bai ji jiki kamar sauran ba.

Ban ce a shuka tumatir a bayan gida da damina ba. Yawan ruwa da laima suna jawo masa ciwo, wahalarsa ta fi amfaninsa. A shuka abin da ƙasarmu ta sani. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, in kuma an yanke shi a bar kututturen, zai sāke toho. Kuɓewa tana fara 'ya'ya kamar wata biyu bayan shuka, amma tana son a riƙa tsinkarta bayan kwana biyu ko uku. In an bar 'ya'yan suka ƙosa a jikinta, sai ta rage haihuwa, su kuma su yi tauri ba su yankuwa. Rama da yakuwa da lalo ba su da fitina. Kabewa a ba ta gindin darni ta hau abinta. Zogale kuwa ko reshe aka sara aka kafa a farkon damina zai kama. Wanda ya shuka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kafin wahalar Agusta ta iso, lambunsa ya fara ciyad da shi.

Ganyen nan ba cika ciki kawai yake yi ba. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna faɗa mana cewa ɗanyen ganye da kabewa suna taimakon yara wajen kare su daga dundumi, suna kuma taimakon mai ciki da mai goyo wajen ƙarin jini.

Na san abin da waɗansu za su ce: wannan aikin mata ne da yara, namiji ba shi da lokacinsa. To, matan sun yarda su shuka, su cire ciyawa, su tsinka. Abin da ke karya musu gwiwa shi ne awaki da kaji. A farkon damina, kafin a ɗaure dabbobi, akuya ɗaya ta isa ta share aikin mako uku kafin a gama karin kumallo. Shinge kuwa, da kafa dirkoki, da ɗauko takin turke, aikin maigida ne. Fili taku goma a tsaye, taku goma a kwance, ya wadaci gida. In mutum biyar sun yi gayya, shingensa ba zai kai su azahar ba.

Taki ma ba sai an saya ba. Ruɓaɓɓen takin awaki da tokar murhu sun isa. Kashin kaji yana da ƙarfi, sai ya kwana biyu a juji ya huce, in ba haka ba zai ƙone shuka. A ɗaga kunya sosai, domin a nan kudancin Kano, musamman wajen Doguwa, ruwa ya fi na arewa yawa, kuɓewa kuwa ba ta son kwanciyar ruwa a gindinta. In ƙwari sun taso, a daka 'ya'yan darbejiya ko ganyenta, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma. Kada a ɗauko ragowar maganin feshin gona a zuba wa ganyen da za a ci jibi. Wannan ganganci ne da ran iyali.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu su sa lambun gida cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, a kuma gayyaci mata su yi magana, gama su suka san wace kuɓewa ce mai saurin haihuwa, wace ce mai yauƙi. A tsai da ranar gayyar shinge, gida bayan gida, a fara da gidajen gwauraye da tsofaffi. Da kaka kuma kowane gida ya bar gindin kuɓewa biyu ko uku masu kyau su ƙosa, a kawo irin wurin ma'ajin ƙungiya, a gauraya shi da toka a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta sunansa da shekara, domin a raba a watan Afrilu.