Kafin ka sayi tsohon injin sassaƙa ƙarfe, ka ji kukansa

Ni dai na fi son tsohon injin sassaƙa ƙarfe, irin su Bridgeport, a kan sabon ƙarami mai araha. Nauyinsa ya kai kusan tan guda, shi ya sa ba ya karkarwa idan yana yanka. Amma fa da sharaɗi: kada ka tura kuɗi a kan hoton WhatsApp.

Mu 'yan kwamfuta mun saba gyara matsala da sabunta manhaja. A nan babu wannan. Idan hanyoyin da tebur ke gudu a kai sun cinye, gyaransu na iya fin kuɗin injin. Don haka ka je da ƙafarka. A kunna shi, ka saurari sandar da ke juya wuƙa. Ka murza tebur daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ya yi sako-sako a tsakiya ya cije a gefe, ya gaji.

Sannan ka tambayi wutar da yake ci. Yawancinsu layi uku suke buƙata, gidajenmu kuwa galibi layi ɗaya ne, sai ka ƙara da kuɗin VFD.

Mai sayarwa ya ƙi a kunna? Riƙe kuɗinka, ka kama hanya.