Kama Da Wane Ba Ta Wane: Tsakanin Alseshan Da Malinuwa

Wani abokina injiniya da ke zaune a wata sabuwar unguwa a Kaduna ya shekara tara yana ajiye da karen nan da muke kira Alseshan. Da karen ya mutu, kuma ɓarayi suka haura katangar maƙwabcinsa, sai ya aika aka kawo masa ɗan kwikwiyo mai tsayayyun kunnuwa da baƙin baki. Mai sayarwa ya rantse masa cewa Alseshan ne, irin na sojoji ma. Kafin karen ya cika shekara ya tauna tiyon ban-ruwa, ya yage kujerar babur, ya haura katanga sau biyu. Rannan ɗan maigadi ya sheƙo a guje ta tsakar gida, karen ya bi shi ya kafa masa haƙora a sha-raɓa. Bayan an kai yaro asibiti an fara yi masa allurar rigakafin haukan kare, likitan dabbobi ya zo ya dubi karen, ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan ba Alseshan ba ne, Malinuwa ne. Kuma ba hauka yake yi ba, zaman banza ne ya ishe shi."

Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin kuwa matsalar tsaro ta sa da yawa daga cikin ma'aikata da 'yan kasuwarmu sun koma sayen karnukan ƙetare da kuɗi masu yawa, alhali abin da suka sani game da su bai wuce kamanninsu ba. Ba fatawa zan bayar ba. Sananne ne cewa hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, maganar gadin gida kuwa na bar wa malamai. Ni dai magana nake yi da wanda ya riga ya yanke shawarar zai ajiye.

Duka karnukan biyu asalinsu na kiwon tumaki ne a Turai. Mai karatu ya lura, kiwon da ake nufi a can ya bambanta da namu. Bafillace shi ke sarrafa garkensa da murya da sanda, karensa kuwa yawanci gadin ruga yake yi. Makiyayin Turai kare yake turawa ya kewaye tumaki, ya tare wadda ta fanɗare, ya hana su faɗawa gonar mutane, wuni guda yana sassarfa. Saboda haka aka yi ta zaɓen karen da ba ya gajiya, mai bin duk abin da ya motsa, mai zuba wa ubangidansa ido yana jiran umarni.

Na Jamus, wani hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ne ya tsayar da irinsa a 1899, lokacin da ya sayi wani kare ya sa masa suna Horand, ya kuma kafa ƙungiyar masu kiwon irin. Sunan Alseshan daga baya ya samu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Turawan Ingila ba sa son jin sunan Jamus, sai suka laƙaba masa sunan yankin Alsas da ke kan iyakar Faransa da Jamus. Su sun maido masa da sunansa na asali a 1977, mu kuwa da muka gaji sunan daga wurinsu har yau da shi muke kira. Na Beljiyam kuwa, a 1891 aka kafa ƙungiyarsa a Burasal, inda wani malamin makarantar likitancin dabbobi, Farfesa Adolphe Reul, ya jagoranci tantance karnukan makiyayan ƙasar. A yau kashi huɗu ne, gashi da launi suka raba su, kuma Malinuwa shi ne mai gajeren gashi, ya ci sunan garin Malin.

In aka tsayar da su gefe da gefe, wanda ya san abin da zai duba ba zai ruɗe ba. Namijin Alseshan kan kai kilo 30 zuwa 40, jikinsa ya fi tsayinsa tsawo, ƙashinsa na da kauri, bayansa ya ɗan gangara, kuma sau da yawa akwai baƙi shimfiɗe a gadon bayansa kamar an ɗaura masa sirdi. Namijin Malinuwa kilo 25 zuwa 30 ne, tsawon jikinsa da tsayinsa kusan ɗaya, siriri ne, kansa bai kai na wancan girma ba, launinsa ja-ja ne kamar ƙasar jigawa, fuskarsa baƙa kamar an shafa mata gawayi. A tsayi kuwa kusan kai ɗaya suke, shi ya sa mai saye da ido yakan ɗauka ramammen Alseshan ne.

Babban bambancin yana ga hali. Alseshan mai kyakkyawar tarbiyya yana da natsuwa, ba ya sakin jiki da baƙo amma ba ya rawar kai, in an zagaya da shi safe da yamma aka ba shi ɗan horo, zai kwanta a inuwa yana lura da ƙofa. Malinuwa ba shi da wannan haƙurin. Kaifin hankalinsa da saurinsa da nacinsa a kan abin da ya kama su suka sa rundunonin soja da 'yan sanda a ƙasashe da dama suke ƙara karkata gare shi, ga shi mara nauyi, ana iya ɗaukarsa a sauka da shi daga jirgi. Karen da sojojin Amurka suka tafi da shi Abbottabad a 2011, lokacin da suka kashe Usama bin Ladan, Malinuwa ne, kuma irin wannan labari ya ƙara masa farin jini a kasuwa. Sai dai mai saye yakan manta cewa karen soja yana da mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai shi. Halin da ya sa ya zama gwani a hannun mai horo shi ne ke mayar da shi masifa a gidan da maigida ke fita tun da sassafe ya dawo bayan isha'i. In ba a ba shi aiki ba zai nema wa kansa, kuma yaron da ke gudu a tsakar gida, a wurinsa tunkiya ce da ta fanɗare.

Kada a ɗauka ina tallar Alseshan ne. Shi ma son kyan gani ya cuce shi. Masu kiwonsa don gasar nuni sun yi ta zaɓen mai gangararren baya har wasu suka koma tafiya kamar ƙafafun baya za su gaza, abin da ya jawo surutu a babbar gasar karnuka ta Crufts a Ingila a 2016. An kuma san irin da ciwon ƙugu na gado, kuma a galibi Malinuwa ya fi shi tsawon rai. Ga kaurin gashi, wanda zafin Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ke wahalar da shi, kaska kuma ta samu wurin ɓuya.

Wani zai ce ai iri ba shi ne komai ba, kuma yana da gaskiya. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2022, wanda ya tattara bayanan karnuka sama da 18,000, ya nuna cewa iri yana bayyana kimanin kashi 9 cikin ɗari ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Akwai Malinuwa mai sanyi, akwai Alseshan mai zafi. To amma wannan ƙara wa mai saye nauyi ya yi, bai rage masa ba. Ma'anarsa ita ce sunan iri bai isa ba, sai ka ga uwar kwikwiyon da ubansa, ka ga halinsu, ka san ko zuri'ar ta aiki ce ko ta zaman gida, sannan ka san cewa ragowar tarbiyyar a hannunka take.

A nan ne muke da babban laifi. Al'adar da ta bazu ita ce a kulle kare cikin kejin ƙarfe wuni zur, a hana shi ganin kowa, wai don ya yi zafi, da dare a sake shi. Karen da aka yi wa haka bai san bambancin ɓarawo da mai kawo ruwa ko almajirin da ya leƙo neman saura ba. Wannan cutar da maƙwabta ce, kuma zaluntar dabba ce, mu kuwa mun san abin da aka ruwaito game da matar da ta tsare kyanwa har ta mutu.

Shawarata ga wanda ya ƙudura zai saya ita ce ya fara tambayar kansa awa nawa yake da ita a rana, ba naira nawa ba. Ya tafi da likitan dabbobi wurin saye, ya nemi katin allurai, ya kiyaye rigakafin hauka a kan lokaci, ya saba wa kwikwiyon da mutanen gida tun yana ƙarami. In ya san ba shi da lokacin, ya haƙura da Malinuwa, wataƙila ma da kare gaba ɗaya, ya ƙara wa maigadi albashi ya gyara fitilun katanga. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma fa sai in ya san rariya ya saya.

Abokina ya bayar da karensa ga wani mai horar da karnukan tsaro, kuma na ji an ce ya zama abin alfahari a can. Ɗan maigadi ya warke, sai dai tabon yana nan, kuma har yau ba ya yarda ya ratsa tsakar gidan shi kaɗai. Allah Ya sa mu gane.