Kafin Ka Sayi Laftof, Tambayi Ko Tana Buɗuwa

A cikin takardar bayanin da ke zuwa da kwamfutar tafi-da-gidanka akwai wani layi da kusan babu mai karantawa. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi aiki da MacBook a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos. Sauran manyan kamfanonin ma galibi a 35 ɗin nan suke tsayawa. Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Gwandu ko Kalgo ya san kafin azahar an wuce nan, da rana tsaka kuwa 40 ba labari ba ne. Ke nan tun daga Maris har ruwa ya sauka, duk laftof ɗin da aka kunna a ɗakin da babu na'urar sanyaya wuri tana aiki ne a yanayin da maƙerinta da kansa ya ce ba nata ba ne.

Ni haifaffen Gwandu ne, can iyalina suke, amma a Kalgo nake neman abinci. Ina da shagon buga takardu, kuma yawancin masu shigowa wurina ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ne, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Sai malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Kwamfutocin mutane da yawa sun ratsa ta kan teburina, masu lafiya da marasa lafiya. Abin da na gani shi ne, kullum ana ƙara wa laftof kyau da siranta, kullum kuma tana ƙara yin nesa da hannun mai gyara. A wurinmu kuwa, na'urar da ba ta gyaruwa asarar kuɗi ce da aka jinkirta kawai.

Zafi da ƙura tare suke aiki. A cikin kwamfutar akwai 'yar fanka da ke jawo iska ta hura ta kan wasu siraran ƙarafa domin ta fitar da zafin injin. Idan hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce take shiga tare da iskar, ta taru a bakin ƙarafan har ta toshe su. Bazara na zuwa sai ta tarar da hanyar iska a rufe. Injin da ya ji zafi ya yi masa yawa yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, shi ya sa za ka ga kwamfutar da ke gudu da asuba tana jan ƙafa da rana, fanka na ta ƙugi, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Sannan ga inda aka sa ramukan shan iskar: a ƙasan cikinta. Wanda ya zana ta teburi mai santsi yake hange, ɗalibinmu kuwa a kan katifa ko darduma yake karatu. Maganin wannan ba wani abu ne mai tsada ba. A buɗe, a busa ƙurar, a sake shafa man nan da ake sawa tsakanin injin da ƙarfen sanyaya shi. A tsofaffin kwamfutoci akwai waɗanda ƙusa biyu ko uku za ka kwance ka isa wurin fanka. A cikin sababbi akwai waɗanda sai an ɓamɓare bayan gaba ɗaya, ana jin ƙananan haƙoran roba na karyewa, wasu ma da ƙusoshin da sukurudirebansu ba kowane shago ke da shi ba.

Batir ne ya fi ci mini rai. Shekarun baya, batirin laftof a waje yake, a maƙale ta baya. Ka ture sakata ka zare shi, ka sa wani. Na san malamai a Gwandu da suke da batir biyu, su cika su duka idan an kawo wuta, ɗaya ya ƙare su sauya, aikin rana guda ya kammala. Batir ya mutu, ka aika a sayo maka daga Birnin Kebbi ko Sakkwato, ka sa da hannunka ba tare da ka biya kowa ba. Yanzu an mayar da shi ciki, an ɗaure da ƙusa, a wasu ma an liƙe shi da gam. Kuma batirin lithiyam abu biyu ne suke saurin tsufar da shi: zafi, da zama a cike maƙil na tsawon lokaci. Mu kuwa duka biyun muna da su. Wutar da ba ta da lokacin zuwa ta koya wa kowa cewa da zarar ƙwan lantarki ya kama sai a jona, a bar ta a jone har a ɗauke. Ba laifin mai kwamfuta ba ne, dabarar rayuwa ce. Amma sakamakonta shi ne batirin da ke kumbura, ya turo wurin shafa yatsa sama, ya buɗe bakin kwamfutar. Wanda ya ga haka ya daina cajin ta nan take, domin kumburarren batir yana iya kamawa da wuta. Kwamfutoci da dama suna da wurin da za a saita caji ya tsaya a kashi 80 cikin 100, amma an ɓoye shi can cikin saituna, mai sayarwa bai faɗa ba, mai saye bai sani ba.

Akwai wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe da ta shigo shagona riƙe da kwamfuta siririya mai kyan gani, wadda yayanta ya aiko mata. Ta ce, "Kawu, tun jiya ta ƙi tashi, kuma aikina duka na ciki." Aikin da take nufi shi ne binciken kammala digiri. Da tsohuwar ƙira ce, da ban damu sosai ba, sai a zare ma'ajiyar bayanan a jona ta da wata kwamfutar a kwashe komai cikin 'yan mintoci. Muka kai wa mai gyara. Ya buɗe, ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Malam, wagga komi nata manne shike ga bod." Wato ma'ajiyar da ram ɗin (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) duk an manne su da dalma a jikin babban allon. Allo ya mutu, rubutu ya bi shi. Yarinyar nan ta koma ta tattara abin da ta taɓa tura wa malaminta ta WhatsApp da abin da ke cikin littafinta na hannu, ta sake farawa. Mu da muka tashi a garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi karantarwa da wallafa, har yau kuma ana karanta littattafansa, ba ma ɗaukar ɓatan rubutun ɗalibi a matsayin ƙaramin abu.

Wannan ƙira ba kuskure ba ce, zaɓi ne. Apple ya fara manne ram a MacBook Pro tun 2012, ya bi da ma'ajiyar bayanai a wasu samfuran 2016, kamfanoni da yawa kuma suka bi sawu a cikin siraran kwamfutocinsu. Suna da hujja: ana samun siranta, ana samun sauri, batir na ɗan ƙara jimawa. Ban musa ba. Sai dai wanda ya sayi mai ram 4 saboda iya kuɗinsa ke nan, da niyyar ya ƙara idan ya samu hali, an rufe masa wannan ƙofar tun daga masana'anta.

Caja kuma kowa da irin bakinsa. Mai shuɗin baki, mai faɗi, mai allura a tsakiya. Wasu kwamfutocin Dell har tantance cajar suke yi ta wannan allurar, idan ba su gane ta ba su ƙi cajin batir, su rage gudu. Kasuwa kuma cike take da jabun caja da ba sa jure hawa da saukar wutar janareta. Bakin USB-C ya zo da sauƙi, caja ɗaya ta yi wa waya da kwamfuta, kuma Tarayyar Turai ta wajabta shi ga laftof daga 28 ga Afrilu, 2026. Amma shi ma a yawancin kwamfutoci a jikin allo yake manne, ramin da ake sokawa a zare sau da yawa kowace rana. Ya girgiɗe, aikin ya zama na mai dalma da madubin ƙara girma, irin wanda sau da yawa sai an dangana da Kano. Sauran ramukan ma an rage su. Filashi da firinta da tsohuwar firojekta ta ɗakin taro duk suna nan a wurinmu, ramukansu ne babu. Apple da ya kwashe su a 2016, shi da kansa ya maido da ramin HDMI da na katin SD a 2021, bayan masu saye sun yi ta ƙorafi.

Sauran ƙorafe-ƙorafen kowa ya san su. Gilashi mai ƙyalli da ba ya karantuwa a gindin bishiya ko bakin zaure. Mahaɗar murfi ta ƙarfe da aka ɗaure a jikin roba, wadda ke tsagewa bayan shekara biyu ko uku na buɗewa da rufewa. Madannan da ƙwayar yashi ɗaya ke kashewa: irin waɗanda Apple ya yi amfani da su daga 2015 zuwa 2019 sun kai shi gaban kotu a Amurka, har ya amince ya biya dala miliyan 50 a 2022. Idan ƙurar ofisoshin Amurka ta yi musu haka, ina ga ta Kambaza ko Diggi? Ni da nake buga Hausa kusan kullum, har yau ban ga laftof a kasuwarmu da aka zana wa ɓ da ɗ da ƙ a kan madannanta ba.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta zama ta gaggawa shi ne yadda kwamfuta ke iso mu. Kaɗan ne a cikinmu ke sayen sabuwa dal, balle tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Ta hannu muke saye, wadda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da ita, ta sauka Legas, ta biyo ta Kano ko Sakkwato. Tsofaffin ThinkPad da Latitude da EliteBook da suka riƙe ɗalibanmu shekara da shekaru sun yi haka ne domin an ƙera su don a riƙa buɗe su ana sauya musu kaya. To waɗannan suna ƙarewa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na takwas. Waɗanda za su maye gurbinsu a kwantenonin da ke tafe su ne siraran nan manannu, da batirin da ya riga ya ci rabin ransa. Hakan kuma na zuwa ne a lokacin da buƙata ke ƙaruwa: tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Yaron Dalijan ko Zuguru da bai saba da madannai ba an riga an bar shi a baya.

Za a ce da ni, ai ba don ku aka ƙera ba, ku da ma ba ku saye daga hannun kamfani. Na ji. Amma haka aka riƙa faɗa game da wayar hannu, har kamfanin Transsion mai Tecno da Itel da Infinix ya zo ya duba yadda muke rayuwa, ya yi waya mai layi biyu, mai batir da ke jimawa, mai Hausa a ciki, ya buɗe wuraren gyara. Yau shi ke kan gaba a kasuwar wayar Afirka. Ta ɓangaren kwamfuta ma an san yadda ake yi. 'Yar koriyar kwamfutar nan ta shirin One Laptop per Child, da aka gwada a makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007, tana da gilashin da ake karantawa cikin rana da madannan roba da ƙura ba ta shiga. Shirin bai yi nisa ba a Najeriya, amma ƙirar ta nuna abu ne mai yiwuwa. Kamfanin Framework na Amurka tun 2021 yake sayar da laftof da ake sauya mata kusan komai da sukurudireba ɗaya, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin ɗalibi. Faransa kuwa tun Janairun 2021 ta tilasta a liƙa wa kowace sabuwar laftof maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaranta. Manomin shinkafa a fadamar Kalgo ba ya sayen injin ban ruwan da bakanikensa ba zai iya kwancewa ba, komai kyan fentinsa. Ma'aunin da ya kamata mu auna kwamfuta da shi ke nan.

Masu iya juya kasuwa su ne masu saye da yawa lokaci guda. Gwamnatin Jihar Kebbi, da jami'o'in Kalgo da Aliero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da masu cibiyoyin jarrabawa, da 'yan majalisar da ke raba kwamfutoci ga matasan mazaɓunsu, ina roƙonsu su rubuta sharaɗi a takardar kwangila: batir da ake cirewa da sukurudireba ba tare da gam ba, ram da ma'ajiya masu zaruwa, ramin wayar intanet da na filashi, da alƙawarin kayan gyara na wasu shekaru. A kuma haɗa da koya wa matasanmu gyaran allo da dalma, domin kada kowace ƙaramar matsala ta zama tafiyar Kano.

Kai kuma uba ko yaya da ka sayar da buhunan shinkafa ko rago don ka saya wa yaro kwamfutar karatu, kada siranta da ƙyalli su ɗauke maka ido. Ka tafi da wanda ya san abin. Ka sa a buɗe bayanta a gabanka, ka ga batirin da idonka ko ya fara kumburi, ka tambaya ko ana samun irinsa a Birnin Kebbi, ko ram da ma'ajiya suna fita, ko tana ɗaukar Windows 11, ko akwai kalmar sirrin tsohon mai ita da ta rage a ciki. Ka ƙara kuɗin filashi ɗaya, ka ce wa yaron ya riƙa kwafe aikinsa duk mako. Idan mai shago ya ce ba a buɗewa, ka riƙe kuɗinka ka shiga shago na gaba.