Kafin a tambayi wace bindiga, a tambayi wace dabba

Bidiyon mafarautan Amurka da Turai da samari ke kallo a waya ya kawo wata gardama a majalisun Maraɗi: wace bindiga ce ta fi dacewa da barewa, wace ce ta babban naman daji? Uba kan tsawata, malami kan kauda zancen. A ganina gara a amsa, domin cikin amsar akwai tarbiyyar da yaranmu ke bukata.

Abin da ake kira kaliba shi ne faɗin bakin bindiga da na harsashinta. Ƙasashen da suka tsara farauta ba su bar zaɓinsa ga son rai ba. A Ingila, dokar 1991 ta hana harbin manyan bareyin ƙasar da harsashin da bai kai inci .240 ba, wato kusan milimita 6. Jamus ta sa milimita 6.5 ga manyan dabbobi masu kofato. Shi ya sa ake jin sunaye irin su .243, .270, .308 da .30-06 a bakin masu harbin barewa, alhali ɓauna da giwa sai irin .375 H&H, wadda aka fito da ita a 1912.

Dalilin mai sauƙi ne. Ƙaramin harsashi yakan ji wa dabba rauni ta tsere, ta yi kwanaki tana wahala, ta mutu mushe a cikin daji, babu wanda ya amfana. Wanda ya yi yawa kuma yakan doki kafaɗar mai harbi har hannunsa ya yi rawa ya kuskure, in ya samu kuma ya lalata naman. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Bindigar da aka fi sani a nan ita ce kaliba 12 mai watsa ƙananan harsasai, sai ƙirar maƙera. Aikinsu zabon daji, fakara da zomo, a tazarar mita 30 zuwa 40. Wanda ya auna barewa daga nesa da irinsu, raunata ta zai yi. Addini ya riga dokokin Turai faɗin haka. A hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal, Manzon Allah (SAW) ya hana jifa da tsakuwa, saboda ba ta kashe abin farauta, sai dai ta fasa ido ta karya haƙori. Yaron da ke yawo da danko ya kamata ya ji wannan tun kafin ya taɓa bindiga.

Sai babbar tambaya: ina dabbar? Daga Tsibiri zuwa Jiratawa, kwarin Gulbin Maraɗi gonaki ne da lambuna da garuruwa. Harsashin .30-06 da ya kuskure yana iya tafiya fiye da kilomita 3, kuma a wannan tazara akwai manomi, akwai makiyayi, akwai yara masu kiwo. A arewacin jihar, gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, ya rasa maririnsa gaba ɗaya. Raƙuman dawa 8 da aka kai can a 2018, daga yankin Kure aka ɗauko su da mota, domin na asali sun daɗe da ƙarewa. Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta sa farauta ƙarƙashin izini, ta kuma ware dabbobin da ba a taɓawa. A kudu kuwa, wajen dajin Baban Rafi da iyakar Najeriya, matsalar 'yan bindiga ta sa saurayi mai saɓe da bindiga na iya rasa ransa kafin a tambaye shi ko zomo yake nema.

Wani zai ce farauta gado ce, kuma gaskiya ne. Amma gadon mahalba ya ƙunshi sanin sawu da iska, da haƙurin jira, da kame hannu idan aka ga mace da ɗanta. Yaron da ya ɗauki bindiga bai koyi waɗannan ba, ƙara kawai ya gada.

Saboda haka iyaye, in akwai bindiga a gida, ta zama mai takarda, a kulle, harsasai kuma a wani wuri daban. Yaro mai sha'awar daji a haɗa shi da dattijon mahalbi, kada a bar shi da waya kaɗai. Malamai kuma kuna da darasi a hannu: mayar da inci zuwa milimita lissafi ne, nisan tafiyar harsashi kimiyya ce, kuma ma'aikatan gandun daji na iya zuwa aji su faɗi dabbobin da doka ta kare. Ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa ba a harbin barewa da harsashin zabo, zai fahimci dalilin da ya sa a yankinmu yau, sau da yawa, ajiye bindigar shi ne zaɓi mafi kyau. Allah Ya shirya mana zuri'a.